Jinyar Tsoho: Abin Da Za A Fara Yi Kafin Ƙwaya

A Turai akan tara tsofaffi a gidajen jinya. A Tafashiya kuwa, da sauran garuruwan Kankiya da Kusada, tsoho a ɗakinsa ya ke jinya, a hannun 'ya'ya da jikoki. In ya kwana nishi don ciwon gwiwa ko na baya, sau da yawa sai a aiki yaro ya sayo Tramadol. Wannan ganganci ne.

Tramadol da kodin dangin morfin ne. Sukan sa tsoho jiri da magagi, su ɗaure masa ciki, ya tashi ya faɗi ya karye. In sun yi yawa sukan tsai da numfashi. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin, da shigo da shi.

Ga abin da za a fara yi:

1. A gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, mai gashin ya fara gwada zafin a hannunsa.
2. A yi tausa a hankali da man kaɗanya.
3. Wanda ba ya iya tashi a riƙa juya shi kowace awa 2.
4. Mai iyawa ya taka kaɗan kullum, a zauna a ɗebe masa kewa.

In ciwo bai lafa ba, ko ya zo farat ɗaya, sai asibitin Kankiya. Mai ciwon daji, in likita ya rubuta masa morfin, kada a hana shi.

Lalle hakimai su sanad da dagatai da masu unguwa, malamansu kuwa su karanta wa jama'a.