Karatun kiɗa: kunne kafin alƙalami

Yaro yana jin magana, yana yin ta, tun kafin a sa shi makaranta. Sai daga baya yake koyon baƙaƙe da wasula, ya iya rubuta abin da bakinsa ya daɗe yana faɗi. Haka kiɗa da waƙa suke. Su ma suna da rubutu, suna da karatu, suna da makarantu. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka buɗe a shekarar 1989.

Sabon ɗalibin makarantar kiɗa yakan zo da ɗoki. Yana so a miƙa masa gurmi ko gitar tun ranar farko. Amma abu biyu ake fara koya masa: karanta alamomin kiɗa, da horar da kunne. Da faransanci ana kiran wannan darasi solfège.

Sauti mai hawa da sauti mai sauka

Duk abin da ke ba da sauti, girgiza yake yi. Idan mai goge ya ja izga a kan tsirkiya, tsirkiyar tana kaɗawa da sauri, ido ba ya iya binta. In kaɗawar ta ƙara sauri, sai sautin ya hau sama, ya yi siriri. In ta rage sauri, sai ya sauka ƙasa, ya yi kauri. Shi ya sa gajeriyar tsirkiya ta fi doguwa siririn sauti.

An sa wa sautuka bakwai suna: do, re, mi, fa, sol, la, si. Jere suke kamar matakalar tsani, kowane yana bisa wanda ya gabace shi. Bayan si sai a sake cewa do, amma wannan do ɗin yana sama da na farko. Idan aka danne tsirkiya daidai tsakiyarta, saurin kaɗawarta yana ninkuwa biyu, sai a ji sauti mai suna ɗaya da na farko, amma a sama.

Malamin kiɗa yana da wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu. In ya buga shi, sai ya kaɗa sau 440 cikin sakan ɗaya. Sautin da yake bayarwa shi ne la. Da shi makaɗa suke daidaita kayan kiɗansu kafin su fara. Wani la da ke sama da wannan yana kaɗawa sau 880.

Waɗannan sunaye sun fito ne daga ƙasar Italiya. Wajen shekara dubu da ta wuce, wani malami mai suna Gido, na garin Arezo, ya ga ɗalibansa suna shan wuya wajen riƙe waƙoƙi da ka. Sai ya sa wa sautuka shida suna, don a riƙa kiransu kamar yadda ake kiran baƙaƙe. Na farkon ya kira shi ut. Daga baya aka mai da shi do, aka kuma ƙara si.

Layuka biyar

Kayen ɗalibin kiɗa ba irin na lissafi ba ne. Layukansa biyar-biyar suke tafiya. A kan layukan nan da tsakaninsu ake zana ƴan ƙwallaye. Ƙwallon da ke sama, sautinsa yana sama. Wanda ke ƙasa, sautinsa yana ƙasa. A farkon layukan akwai wata alama mai lanƙwasa, ana ce mata mabuɗin sol. Tana nuna cewa layi na biyu daga ƙasa, nan ne gidan sol. Daga nan sai ɗalibi ya ƙirga, ya gano gidan sauran.

Tsawon sauti

Sauti yana da tsawo kuma. Wani a ja shi, wani a katse shi. Wanda ya taɓa sauraron mata suna lugude ya san cewa taɓare ba sa faɗa wa turmi barkatai. Kowane yana da lokacinsa. Wannan lokaci shi ake kira bugu.

Siffar ƙwallo ita ke faɗin tsawonsa. Farin ƙwallo marar sanda yana cin bugu 4. Farin ƙwallo mai sanda yana cin bugu 2. Baƙi mai sanda yana cin bugu 1. Baƙi mai sanda da ƙugiya yana cin rabin bugu. Har shiru ma yana da alamarsa, domin makaɗi ya san inda zai dakata. Ke nan a cikin kiɗa akwai lissafi.

Aikin kunne

Sanin alamomi kaɗai bai isa ba. Ɗalibin da ya san gidan mi a takarda, amma bai gane shi in ya ji shi ba, kamar yaron da ya haddace baƙaƙe ne bai san ma'anar kalma ba. Saboda haka kullum akwai aikin kunne.

Da farko malami yana buga sauti biyu, ya tambaya: «Wanne ya fi hawa sama?» Bayan haka yana rera sauti uku ko huɗu, ɗalibai su maimaita. Sannan yana tafa hannu, su tafa irin nasa. A ƙarshe sai shifta: malami ya buga ɗan gajeren kiɗa, ɗalibai su rubuta abin da suka ji. Da farko kuskure yana da yawa. Mai yin kaɗan-kaɗan kowace rana ya fi mai tara aiki sai ranar jarrabawa.

A nan mai jin Hausa yana da sa'a, domin harshensa ya riga ya fara horar da kunnensa. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya ne, amma a ta miya murya tana sauka a ƙarshe. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala: a na farko murya tana sauka, a ta biyu tana hawa. Wannan hawa da sauka shi mai kalangu yake bi. Yana matsa tsarkiyoyin kalangu a hammata, sauti ya hau. Ya sassauta, sauti ya sauka. Jama'a kuwa su gane kirarin da yake yi ba tare da ya buɗe baki ba.

Abin da takarda ba ta ɗauka

Makaɗan gargajiya da kunne suka koya, a gaban iyayensu ko iyayen gidansu. Wannan hanya tana da ƙarfi, amma in gwani ya rasu bai bar almajiri ba, kiɗansa yana iya binsa. Haka ya kusa faruwa da biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Budumawan tafkin Cadi, mai siffar kwalekwale. A shekarar 2002, Malam Maman Barka, wanda ya taɓa zama malamin makaranta, ya tafi wurin tsoho Bukar Tar, gwanin biram na ƙarshe da aka sani. Ya zauna gabansa, ya saurara, ya maimaita, har ya iya. Kafin rasuwarsa a 2018, ya kaɗa biram a ƙasashe da dama, an kuma ɗauki kiɗan a faifai.

Rubutu da faifai suna adana kiɗa. Amma layuka biyar ba sa iya nuna duk lanƙwasar muryar kalangu. Sai kunne. Hausawa sun ce: kunne ya girmi kaka.

Kalmomi

sauti: le son
bugu: le temps
layuka biyar: la portée
mabuɗin sol: la clé de sol
ɗan ƙarfen la: le diapason
shiftar kiɗa: la dictée musicale

Tambayoyi

1. Me ke sa sauti ya hau sama?
2. Ku faɗi sunayen sautuka bakwai a jere.
3. Baƙaƙen ƙwallaye masu sanda nawa ne daidai da farin ƙwallo marar sanda?
4. Me ya sa biram ya kusa ɓacewa?

Aiki

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya rufe ido, ɗaya ya rera sauti biyu. Mai rufe ido ya ɗaga hannu in na biyun ya hau, ya sauke hannu in ya sauka. A gida kuma, ku roƙi kaka ta rera muku wata tsohuwar waƙar daka. Ku saurara sau uku, ku riƙe ta, ku kawo ta aji.