Darasin Wannan Wata: Wane Irin Mitin Aka Kira Ka?

 A wannan fitowa za mu duba wata kalmar Turanci da ta shige bakinmu har mun manta baƙuwa ce, wato "meeting", wadda muke cewa mitin. Bayan sujada sakatare yakan sanar da mitin ɗin dattawa, matan zumunta suna da nasu, mu ma'aikatan raya karkara kuwa har ana yi mana tsiya wai ba mu da sana'a sai kiran mitin.

Tushen kalmar shi ne "meet", wato gamuwa ko haɗuwa. In ka ci karo da surukinka a kasuwar Wara ba tare da shiri ba, da wannan kalma Bature zai faɗi. Haka kuma inda hanyoyi ko rafuka biyu suka gamu, abin da muke kira mahaɗa. Tana da wata ma'ana da ta kamata shugabannin ƙungiyoyi su riƙe: a takardun rance, in an haɗa ta da maganar sharuɗɗa, nufinta ku cika sharuɗɗan ne, ba ku taru ba.

Tana da 'yan'uwa a Turanci. "Gathering" taruwar mutane ce kowace iri, ko suna ko biki ko jana'iza. "Assembly" taro ne mai tsari, kamar na 'yan makaranta da safe, kuma da wannan kalma ake kiran Majalisar Dokoki ta Jiha da ke Birnin Kebbi. "Conference" babban taro ne da ake zuwa daga nesa, sau da yawa har a kwana. "Rally" shi ne gangami. Amma ni a ganina Hausa ba ta gaza Turanci a nan ba. Muna da ganawa, ta mutane kaɗan a keɓe. Muna da zaman shawara, inda kowa ke da baki. Muna da gayya, wadda ba a zuwanta hannu rabbana, sai da fartanya ko lauje. In mai shela ya ce gayya, kowa ya san abin da zai ɗauko. In ya ce mitin, ba wanda ya sani.

Wannan duhun ya taɓa jawo mana rigima, kuma da laifina a ciki. A wani ƙauye na bakin ruwa a Ngaski na aika da takarda cewa akwai mitin a kan injin ban-ruwa na noman albasa. Mutane suka cika gindin mangwaro. Na yi bayani, aka tafa, aka zagaya da takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A wurinmu an amince da rance ke nan. Da lokacin biya ya yi, sai wata dattijuwa ta tare ni ta ce, "Ɗana, ni na zo jin magana ne. Yaushe aka tambaye ni?" Na ce, "Mama, ai ga yatsanki a takarda." Ta ce, "An ce mini ta waɗanda suka zo ce." Gaskiyarta. Takardar halarta muka mayar takardar yarjejeniya ba mu lura ba. Sai da limami da mai unguwa suka zauna da mu har sau uku kafin a raba bashin a kan waɗanda suka yi amfani da injin da gaske, wasu kuma har yau suna ɗari-ɗari da duk takardar da ta fito daga jakata.

Ashe mitin iri biyu ne aƙalla, ko da yake sunansu ɗaya: na sanarwa da na shawara. Tarihin wannan tabki ya nuna mana duka biyun. An gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968, aka tayar da mutane fiye da 40,000, har da Gungawan da suka bar tsibiransu da kuma garin Bussa baki ɗaya. Gwamnati ta riga ta yanke maganar gina madatsa, ruwa kuma yana zuwa ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Duk taron da aka kira a kan haka, iyakarsa a faɗa maka. A shekarun 1990 kuwa, lokacin shirin bunƙasa kamun kifi na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus, da aka so hana jan dala saboda tana kwashe 'ya'yan kifi, sai da aka jawo sarakunan ruwa da masunta cikin maganar. Dalili a fili yake: ba jami'in da zai iya tsare tabki mai wannan girma da dare, sai masuntan da kansu sun ɗauki dokar tasu ce. Taron sanarwa ba laifi ba ne, akwai ranarsa. Laifin shi ne a yi sanarwa, daga baya a ce an yi shawara.

Ko kalmar ikkilisiya ma asalinta a Helenanci taro ne da aka kira. Ku karanta Ayyukan Manzanni sura 19 a gida. Da maƙeran azurfa na Afisa suka ta da hargitsi saboda wa'azin Bulus, gari ya cika filin wasa, ana ta ihu wajen awa biyu, alhali yawancinsu ba su san abin da ya tara su ba. Da wannan kalma tamu Luka ya kira taron nan. Sai magatakardan gari ya tashi ya nuna musu cewa akwai kotu, akwai kuma taro na bisa doka inda ake warware irin wannan magana, ya sallame su. Yawan kawuna bai mai da ihu ya zama shawara ba. Irinsa ne Bahaushe ke kira taron tsintsiya ba shara.

Tun daga abin da ya faru a ƙauyen nan muka daina rubuta mitin kawai a takardun gayyata. Yanzu muna cewa taron sanarwa, ko zaman shawara, ko gayyar aiki. Muna roƙon sakatarorin ikkilisiyoyi da na ƙungiyoyin adashi daga Yelwa zuwa Shanga su ma su gwada haka. Kai kuma da aka gayyata, kada ka ji nauyin tambaya kafin ka zauna: ji za mu yi, ko yanke magana za mu yi? In yankewa ce, a tabbata mata da matasan da abin ya shafa suna wurin, ba an bar su a gona ko a kan ruwa ba. A rubuta abin da aka yanke, da sunan mai yi, da ranar gamawa, a kuma karanta shi da ƙarfi kafin addu'ar rufewa. A inda wasu suka fi jin Kambarci ko Gunganci, a sami mai fassara, ko da taron zai ƙara rabin awa.

Takardu kuma su zama biyu dabam. Ta halarta a zagaya da ita tun farkon zama. Ta yarjejeniya kada a fito da ita sai an karanta wa kowa adadin kuɗin, da lokacin biya, da abin da zai faru in ambaliya ta ci albasar.