Mudun Ɗakin Gwajin Jini

Mai sayar da gero a kasuwar Mashi yana iya rantsuwa cewa mudunsa daidai ne, ba kuwa ƙarya yake yi ba. Amma in mudun ya lotsa bai lura ba fa? Ko ya auna sau ɗari, abu ɗaya zai riƙa samu. Ba zai gane ba sai an kawo mudun gaskiya an gwada da nasa. Haka yake ga ɗakin gwajin jini na asibiti.

Bari mu ce kububuwa ta sari wani manomi, aka kai shi asibiti a Daura ko Katsina. Dafinta yakan hana jini daskarewa. Sai a ɗebi jininsa kaɗan, a zuba a sabuwar kwalba busasshiya, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, yana bukatar maganin dafi nan da nan. Likita David Warrell da abokan aikinsa a Zariya sun bayyana wannan gwaji a 1977. Amma in aka sa mazubin roba maimakon kwalba, jinin mai lafiya ma yana iya ƙin daskarewa. Kun ga ƙaramin kuskure yana ɓata amsa.

Akwai kuma masu shan warfarin, watau maganin tsinka jini. Ana auna su da lamba mai suna INR, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 1983. Ta mai lafiya wajen 1 ce. Yawancin masu shan maganin ana so tasu ta tsaya tsakanin 2 da 3. In na'ura ta ce 2, alhali kuwa 5 ce, likita ba zai rage magani ba, jini kuwa yana iya ɓalle wa mutumin.

To, wa zai auna mai awo? A 1947 likitoci biyu na Amurka, Belk da Sunderman, suka buga sakamakon wani bincike. Sun aika da abin gwaji iri ɗaya zuwa ɗakunan gwaji 59. Amsoshin suka dawo dabam dabam ƙwarai, kowa kuwa yana tsammani tasa ce daidai.

Daga nan wannan al'ada ta bazu. Wata cibiya ta waje takan shirya jini, ta raba shi kashi kashi, ta aika wa asibitoci ba tare da faɗin amsa ba. Kowane ɗaki ya gwada shi kamar na mara lafiya, ya mayar da amsa. Cibiyar ta kwatanta su duka. Wanda ya kauce a sanar da shi, domin ya bincika: ko zafi ya lalata sinadari, ko na'ura na son gyara, ko ma'aikaci na bukatar ƙarin koyo. Ba don a kunyata kowa ake yi ba.

A ƙasarmu, dokar 2003 ta ɗora kula da ɗakunan gwaji a wuyan majalisar da ake kira MLSCN. An kuma kafa ɗakin gwaji na ƙasa domin wannan aiki a Saye, kusa da Zariya. A Ingila akwai cibiya a Sheffield mai aika samfurin daskarewar jini zuwa ƙasashe da yawa.

Ya mai karatu, in ka kai ɗan'uwa gwaji, ba laifi ka tambaya cikin ladabi ko ana gwada ɗakin daga waje. Ku kuma samari da 'yan mata masu koyon wannan aiki, kada ku ware samfurin waje ku yi masa kulawar da ba ku yi wa jinin talaka. Wanda ya yi haka ya ɓoye lotsewar mudunsa, mara lafiya ne zai biya.

Tambayoyi
1. Don me ɗakin gwaji ba zai iya gane kuskurensa shi kaɗai ba?
2. Me ya sa ba a faɗa masa amsa tun da fari?