Darasin Mako: Maiƙon Tukunya da Toshewar Kwata



Babu wanda ya manta da ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Abbaganaram da Gwange da sauran unguwanni, daga baya kuma kwalara ta ɓulla. Wannan ya fi ƙarfinmu. Amma ruwan da ke kwantawa a ƙofar gidajenmu duk damina, da yawansa aikin hannunmu ne.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan aka tuttula ruwan wanke-wanke mai maiƙo a rariya, yana fita kamar ruwa. Da ya huce sai kitse da manja su daskare a jikin kwata, musamman da hunturu. Yashi da leda da ragowar tuwo su manne a kai. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har kwalbati ya toshe. Ruwan zafi da Omo ba sa maganinsa, tura shi gaba kawai suke yi, ya je ya daskare a ƙofar maƙwabci. A birnin Landan, a 2017, an tono irin wannan curi a ƙarƙashin unguwar Whitechapel, nauyinsa ya kai tan 130.

Ruwan da ya tsaya shi ne gidan sauro. Idan kuma bututun ruwan sha ya ratsa ta cikinsa yana yoyo, ƙazanta na iya shiga abin da yaranmu ke sha.

To, me za mu yi?

1. A bar tukunya ta huce, a goge maiƙon da toka ko takarda kafin a wanke.
2. Masu ƙosai, awara, masa da tsire, ku tara mataccen mai a gwangwani ko jarka, kada ya shiga kwata.
3. A sa raga a bakin rariya, ta tare shinkafa da ƙashi.
4. Idan an yashe kwata, a kwashe dagwalon a kai juji. In aka bar shi a gefe, ruwan farko zai mayar da shi.

Hukumar BOSEPA ba za ta shiga madafin kowa ba. Wannan namu ne. Iyayenmu mata da 'yan kasuwa, haƙƙin maƙwabci na kanmu, mu gyara tun kafin damina.

Allah Ya kare mu, Ya ba mu lafiya. Amin.