Itacen Kwinin Da Mutumin Da Ya San Shi

Duk wanda ya taɓa shan kwinin ba ya mance ɗacinsa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san asalinsa. Daga ɓawon wani itace a ke samunsa, sunansa sinkona, wanda ke fitowa a gangaren duwatsun Andis, cikin ƙasashen Peru da Bolibiya da maƙwabtansu a Amurka ta Kudu. Tun wajen 1630 limaman Kirista suka fara kai ɓawon nan Turai, ana jiƙa garinsa ana ba masu zazzaɓin cizon sauro. A 1820 waɗansu masana biyu a Faransa suka fid da ainihin maganin daga cikinsa, suka kira shi kwinin.

Amfaninsa ya bayyana har a ƙasarmu. A 1841 Turawa suka hau kogin Kwara da jirage, zazzaɓi ya kashe fiye da 40 daga cikinsu. A 1854 Likita Baikie ya shigo har Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma bai rasa ko mutum ɗaya ba.

To, sinkona iri iri ne, wani maganinsa da yawa, wani kaɗan ƙwarai, ga shi kuwa sun yi kama da juna. Wani Bature ɗan kasuwa, Charles Ledger, yana da bara, Manuel Incra Mamani, mutumin Bolibiya, wanda ya ƙware wajen sassaƙe. In ya dubi ganye da launin ɓawo, yakan rarrabe iri 29. Shi ya san inda mafi ƙarfinsu ya ke. Shekara huɗu yana jiran itatuwan nan su yi 'ya'ya, sanyi na kashe furen, sai a 1865 ya tara iri ya kawo wa maigidansa.

Ledger ya aika da irin Landan, gwamnatin Ingila ta ƙi saye. Mutanen Holanda suka sayi laba ɗaya, suka shuka a tsibirin Jawa, wanda alhazanmu suka saba ganin mutanensa a Makka. Da itatuwan suka girma aka auna ɓawonsu, sai aka iske kwinin ɗin waɗansu ya kai kashi 10 cikin 100, har ya wuce. Kafin 1930 galibin kwinin da duniya ke sha daga Jawa ya ke fitowa.

Mamani fa? A 1871 ya koma neman iri, alhali hukumar Bolibiya ta hana a fita da shi, don kada cinikin ɓawo ya kuɓuce mata. Aka kama shi, aka ɗaure, aka yi ta dukansa don ya faɗi wanda ya aike shi, ya ƙi. Da aka sake shi bai daɗe ba ya mutu. Masana kuwa suka raɗa wa itacen suna Cinchona ledgeriana, watau na Ledger. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Darasin da ke ciki namu ne. Maharba da Fulani makiyaya da wanzamai da ungozomai sun san maɗaci da marke da sabara da bagaruwa, sun san wanda a ke sassaƙa da wanda a ke tono saiwarsa, da lokacin da ya kamata. Likita Dalziel ya tara sunayen itatuwanmu na Hausa cikin littafi a 1916, daga bakin irin waɗannan mutane ya ji su. Yau ma babban maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani ganye dangin tazargade aka samo shi a ƙasar Sin a 1972, bisa ga abin da magabatansu suka rubuta.

Saboda haka in an tura mu makarantun ƙauye, mu riƙa fita daji da yara tare da wani dattijo masani. Mu tsinko ganye da fure, mu danne cikin takarda su bushe, mu rubuta sunan itacen, da wurin da ya fito, da abin da a ke yi da shi. Kada mu bar yaro ya ɗanɗana kome, gama magani in ya wuce ƙima dafi ne, gwaji kuwa aikin likita ne. Sa'an nan a ƙasan takardar mu rubuta sunan dattijon da ya koya mana.