Yadda Ake Sayen Na'urar Ƙara Ji da Kula da Ita

Kafin ka fitar da ko sisi, ka je a auna maka kunne. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, a Kano kuma akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Masanin ji zai fara leƙa kunnen da 'yar fitila, domin sau da yawa datti ne ya toshe shi, ko kuma yana zubar da ruwa, kuma waɗannan magani suke so, ba na'ura ba.

In kunnen ƙalau yake, sai ya shigar da kai ɗaki mara hayaniya, ya sa maka abin saurare, ya riƙa sako sautuka, masu kauri da sirara. Duk wanda ka ji, komai ƙanƙantarsa, ka ɗaga hannu. Kada ka yi cinta don kunya. Da wannan sakamakon ne zai saita na'urar a kwamfuta. Yawancin dattawa siraran sautuka ne ke fara ɓace musu, shi ya sa za ka ji suna cewa, "Ina jin maganar, ganewa ce ba na yi." Na'urar bakin kasuwa kuwa komai ɗaga shi take yi, har da ƙarar babur da kukan janareta, ta bar mutum da ciwon kai.

Wajen saye ka tambayi abu uku: tsawon garanti, inda ake samun batir, da ranar da za ka dawo a sake saiti. In za a yi maka robar da ke shiga kunne, a zuba ta daidai da naka. Ta yara ana sauya ta akai-akai saboda kunnensu na girma. Mai alamar ja ta dama ce, mai shuɗi ta hagu.

Sai kulawar yau da gobe, kuma a nan ne akasari ake asara. Ruwa shi ne babban abokin gabar na'urar. Ka cire ta kafin alwala da wanka, ka tsane kunnen sosai kafin ka mayar. Turare da man shafawa ma ka gama da su tukuna. Da dare ka goge ta da busasshen ƙyalle, ka share ƙofar da sauti ke fita da ɗan burushin da aka ba ka, ban da allura ko tsinke. Ka buɗe murfin batir, ka sa ta a gwangwanin busarwa mai ƙwayoyin da ke tsotse laima, musamman da damina da lokacin zafi da gumi ya yi yawa. Da hunturu ƙura ce ke toshe ta, sai ka ƙara yawan sharewa. In ta jiƙe, kada ka shanya ta a rana ko kusa da murhu.

Batir kuwa kowanne da lambarsa da launinsa: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da iska yake aiki, don haka in ka ɓare takardar da ke manne a bayansa, ka dakata kamar minti ɗaya kafin ka saka. Ka ɓoye shi daga yara, haɗiye shi hatsari ne babba da ke buƙatar asibiti nan take.

In na'urar ta fara fito, duba ko robar ba ta zauna daidai ba, ko datti ya taru a kunne. In ta yi shiru, sauya batir, ka duba siririn bututunta ko ruwa ya kwanta a ciki. In hakan bai yi ba, kada ka kai wa mai gyaran waya, ka mayar wa wanda ya saita maka ita.

Makonnin farko da ka fara sa na'urar, muryarka za ta zo maka wani iri, ƙarar cokali ma ta dame ka. Ka fara da 'yan sa'o'i a gida, kana ƙarawa kullum har kunne ya saba. Don Allah kada ka jefa na'urar a durowa, ka koma a rage maka abin da ya yi yawa.