Madubinka lafiya lau yake, wayarka ce matsalar

Ƙorafin iri ɗaya ne kullum: mutum ya sayi madubin hangen nesa, ya saita shi kan Andromeda, ya ga ɗan tabo toka-toka kamar hayaƙi, sai ya ce an cuce shi. Malam, tabon nan shi ne galaksin. Haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso idonka. Hotunan madubin Hubble masu launi da ke yawo a Facebook, kyamara ce ta daɗe tana tara haske. Ido ba ya tarawa.

Inda aka cuce ka shi ne kwalin da aka rangaɗa wa "ƙara girma sau 525". Talla ce kawai. Madubi mai faɗin milimita 60 ba ya wani amfani idan ya wuce sau 120, kuma galaksi haske take so. Ka ƙara girma, ɗan hasken ya bazu, ta ɓace maka. Faɗin bakin madubi ake tambaya. Lord Rosse sai da ya gina mai inci 72 a Ayalan kafin ya ga murɗin galaksin M51 a 1845. Saboda haka sa gilashin ido mafi ƙarancin ƙarfi, mai lamba 25.

Abin da ke ba ni haushi shi ne waya. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya saba. Mutum ya yi haƙuri har ya kusa, sai saƙo ya shigo, ya zaro waya ya leƙa. Shi ke nan, a koma farko! Kashe ta. Idan dole sai ka duba taswira, ɗaura jar leda a bakin tocila. Kuma kada ka zura wa tabon ido kai tsaye, kalli ɗan gefensa, don gefen ido ya fi jin haske mai rauni. Ɗan taɓa bututun ya motsa, za ka ga ya fito.

Ka bar gari da fitilunsa, ka zaɓi duhun wata. Daren Oktoba ya fi, ruwa ya wanke sama, hazon hunturu bai sauko ba. Idan Andromeda ta samu, gwada galaksin M33, wadda ta fi ta wuya nesa ba kusa ba.